Masu dabbab ku taimaka: geji yace babu mai da safe, washegari yace ya yi yawa

Dan_Kurna_Jidda:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah masu dabbab, wato mashin, da bakanikan da ke nan ku agaza min da shawara don wlh tun jiya hankalina bai kwanta ba.

Wata 4 kenan da na fara aikin kai abinci a wani mat'am, wato gidan abinci, nan Jidda wajen Bani Malik. Mashin ɗin da aka bani 150 ne ɗan Chana irin mai injin da aka kwaikwayo daga Honda CG ɗin nan, na hannu ne dama tun kafin in zo, ni kuma gaskiyar magana a gida ban taɓa mallakar mashin ba, na yayana nake ɗauka in zan shiga Kwari ko Sabon Gari, shi ke kai shi juye shi ya san bakanike, ni nawa hawa ne kawai. Anan kuwa ranar farko mai gida ya miƙo min makulli yace duk abinda ya samu dabbab ɗin nan a albashinka za'a cire, kunga kuwa dole mutum ya sa ido.

Shekaranjiya da na dawo daga sallar asuba sai nace bari in leƙa baƙin mai tunda an kai wata guda rabon da ayi juye. Mashin na nan jingine kan jak ɗinsa na gefe yadda na barshi da daddare, na kwance geji, ɗan sandan auna man nan, na goge da tishu na mayar na zaro, wlh ɗan bakinsa ne kawai ya jiƙe, sauran a bushe ƙayau. Gabana ya yanke ya faɗi. Sai na tuna akwai ragowar zet, wato baƙin mai, na motar mai gida a ɗakin ajiya, jarka mai lita 4 an rubuta 5W-30 a jiki, na ɗauko na dinga tsiyayawa ina dubawa, ina tsiyayawa ina dubawa, har sai da naga ya hau tsakiyar geji, ban auna ba amma inaga abinda na zuba ya kai rabin lita. Na rufe ina ta murna wai na ceci inji.

To da azahar ina hawa kubri, wato gadar sama, a titin Falasɗin da talab biyu, wato odar abinci, a akwati, na murɗa mai zan wuce wata mota, sai inji ya ɗauki ƙara sosai amma mashin bai ƙara gudu ba, kamar wani ya riƙo shi ta baya. Sau uku ya min haka ranar. Jiya kuma na lura salansa na fitar da hayaƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, ga mai na ɗiga ta ƙarƙashin gidan filtar iska har ya ɓata min ƙafar wando. Na tsaya a wani banshar, wato wurin masu faci da juye, yaron wurin ya ɗora shi kan jak na tsakiya ya ɗaure gejin har ƙarshe ya zaro, mai ya wuce layin sama nesa ba kusa ba, yace min zet katir, wato mai ya yi yawa, kuma wai ringi ya tafi sai an sauke inji. Nace masa bari in yi shawara tukun.

Abinda ya ɗaure min kai, ya za'ayi da safe geji yace babu mai, kwana ɗaya yace ya yi yawa? Da sanyin safiya ake dubawa ko sai inji ya ɗau zafi? Gejin ɗaure shi ake ko ɗora shi kawai? Kuma zet ɗin mota da na zuba shi ne ya jawo wannan riƙewar da mashin ke yi ko dama can kwanansa ne ya ƙare? Mai gida bai sani ba har yanzu.

Baban_Khalifa_Riyad:

Wa alaikumussalam. Hhhh kai ɗan Kurna ka bani dariya wlh, mashin a kishingiɗe ake auna masa mai? Ai ko kwanon miya ka karkata gefe guda miyar za ta koma. Geji bai maka ƙarya ba, kai ne ka ɗura masa har ya yi amai. Kaje a rage kawai hayaƙin zai ɗauke, kar ka yarda wani ya sauke maka inji.

Amma maganar zet ɗin mota ni banga wata matsala ba, mai ai mai ne. Na yi acaɓa a Kano shekara 7 har lokacin da aka hana a 2013, daga Jincheng har Boxer ba wanda ban riƙe ba, kuma baƙin mai na awo muke saya a bakin titi a tsiyaya mana daga galan, bamu san wata lamba ba, in dai ka ɗiga a yatsa kaji yana da kauri da danƙo shikenan. Anan Riyad da wannan zafin ma ni mai kaurin nake nema. Duk ranar da ka zaro geji kaga ya yi baƙi ƙirin to ya mutu, ka juye. Geji kuma ɗaure shi ake har ƙarshe, haka muka taso muka gani.

Usta_MaiWurno:

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Ɗana kwantar da hankalinka, injinka bai mutu ba in sha Allahu, sai dai kar ka ƙara fita aiki da shi sai an fitar da man nan. Ni sana'ata kenan, a Wad Madani ta Sudan na koya a kan raksha, wato keke napep, da mashin tun ina saurayi, yanzu na daɗe ina warsha, wato gareji, a nan Jidda. Malam Baban Khalifa ya faɗi daidai a ɗaya, a sauran kuma zan saɓa masa, ya yi min afuwa.

Ka duba mashin ɗinka da kyau. Jak na gefe a hagu yake, in ka jingine shi hagu yake kwantawa. Gejin injin CG kuma a dama yake, jikin murfin kulochi. To kaga man duka ya gangara can ya bar wurin gejin, shi ya sa ka ganshi a bushe alhali mai na nan lafiya lau. Kuma abinda mutane basa kawowa a rai, duka-duka man da ƙaramin inji irin naka ke ɗauka wajen lita 1 ne, ba mota ba ce mai shan lita 4. Tsakanin layin ƙasa da na sama a geji bai fi ƙananan kofin shayi biyu ba irin wanda ake bamu a nan. Kai kuma ka zo ka ɗora rabin lita a kan cikakken inji.

Yadda nake koya wa yarana a warsha: ka nemi ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba gangaren ƙofar kanti ba. Ka tada inji ya yi kamar minti 3 zuwa 5 a tsaye, ka kashe, ka bashi minti 2 ko 3 man da ya hau sama ya sauko. Mashin ya tsaya cak a miƙe, kan jak na tsakiya, in babu shi wani ya riƙe maka. Kafin ka kwance gejin ka goge kewayensa da tsumma, don yashin garin nan da ke taruwa a wurin kana buɗewa ciki zai faɗa, wannan kusan kowa na mantawa. Sai ka zaro ka goge ka mayar ka zaro. Mai ya kasance tsakanin layin biyu, ni nafi so ya ɗan kusanci na sama amma kar ya wuce. In kuma da asuba ne kafi samun lokaci inji a sanyi, babu laifi, bambancin ba shi da yawa in dai mashin a miƙe yake. Kawai ka riƙe hanya ɗaya da wuri ɗaya kullum, ta haka ne ranar da ya fara raguwa za ka gane raguwa ce ta gaske.

Maganar ɗaure geji. A katalog ɗin Honda, da duk injinan da aka kwaikwayo daga CG, ɗora shi kawai ake a bakin ramin ya zauna, ba'a murɗa shi. Zaren murfin nan ya kai kusan santimita 1, in ka ɗaure har ƙarshe gejin ya nutse da wannan tsawon, sai ya nuna maka mai fiye da wanda ke ciki. Haɗarin wannan ya fi naka ma, don mutum zai ga mai a layin ƙasa yace da saura, alhali ya riga ya sauka ƙasa da shi. Akwai kamfanonin da nasu ɗaurewa ake, shi ya sa katalog ne alƙali ba al'ada ba. Masu mashin mai 'yar tagar gilashi a ƙasan inji kuma su basu da wannan rigimar, tsugunawa kawai za ka yi ka leƙa wani na riƙe da shi a miƙe.

Hayaƙin kuwa ga asalinsa. In mai ya yi yawa karanshaf na dukansa yana kaɗa shi kamar maburgi a tukunyar miya, ya yi kumfa, famfon mai ya dinga jan kumfa, ita kuwa kumfa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Sannan akwai ɗan tiyo da inji ke numfashi ta cikinsa, ya tashi daga jikin inji ya shiga gidan filtar iska. Ta nan rarar man ke bi ta fita, wani ya ɗiga a wandonka, wani kafireta ta zuƙe shi ya ƙone da fetur ya fito shuɗi a salansa. Don haka wanda yace maka ringi tun bai rage man ba ya yi gaggawa. A fitar da man, a wanke gidan filtar, in filtar ta soso ce a wanke ta, in ta takarda ce ta jiƙe a sake wata, ka hau kwana 2. In hayaƙi ya ci gaba kuma mai na raguwa, to a lokacin ne za mu yi zancen ringi ko robar bawul.

Yanzu mai ai mai ne ɗin Malam Baban Khalifa. A mota man inji daban, man giya daban, kulochi kuma a bushe yake aiki. A mashin irin namu mai ɗaya ne ke yi wa ukun hidima, farantan kulochi a cikinsa suke iyo. Zet ɗin motocin zamani marar kauri irin wanda ka zuba ana sa masa sinadarin ƙara santsi don mota ta rage shan fetur, to wannan santsin in ya shiga tsakanin farantan sai su kasa kama juna, inji na ihu taya bata samu ba. Abinda ka ji a kan kubri kenan. Saboda wannan matsalar ne Japanawa suka fito da ma'aunin JASO na man mashin a 1998. Ka juya bayan robar man ka duba, in kaga MA ko MA2 naka ne. In kaga MB na sikuta ne mai otomatik, kar ka saya. Shi kuma man awo na Kano da bai taɓa ba ku matsala ba Malam, yawancinsa mai kauri ne irin na da wanda babu wannan sinadarin, shi ya sa kuka sha.

Amma in faɗa maka gaskiya ɗana, rabin lita a yini ɗaya bai cika kayar da lafiyayyen kulochi ba, naka dama ya gaji ne man ya tona masa asiri. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, mashin na hannu haka yake. Ka duba hannun kulochin, ya kamata ya zama da ɗan wasa kamar santimita 1 zuwa 2 a ƙarshensa kafin ya fara jan waya. In a ɗaure yake tamau to kulochi baya sakin jiki ya kama gaba ɗaya, ko da wane mai ka zuba zai zame.

Don haka ba ragewa za ka yi ba, juyewa za ka yi duka. Ga tsohon inji mai sanyaya da iska a garin nan ni 20W-50 nake zubawa ko 10W-40, mai MA. Lambar farko mai W ta sanyi ce, mu a Jidda ina muka ga sanyi, ta biyun ce ke nuna kaurinsa in inji ya yi zafi. Sabbin Honda da yawa 10W-30 aka rubuta musu, mai irinsu ya bi abinda aka rubuta, kar ya ce sai wanda ya fi kauri, don mai kauri sosai yana jinkirin hawa wurin bawul in an tada inji.

Baƙi kuma ba shi ne mutuwar mai ba. Mai mai kyau aikinsa ne ya kwashe dauɗar inji ya riƙe ta a jikinsa, kwana kaɗan zai yi duhu. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu, in kaji tsakuwa-tsakuwa, ko ya tsinke kamar ruwa, ko yana ƙaurin ƙuna, ko ka ɗaga tsumman a rana kaga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wannan shi ne abin tsoro.

Baban_Khalifa_Riyad:

Usta na karɓi gyara, Allah ya ƙara basira. Wato shekara 7 ina ɗaure geji ina yawo da mai ƙasa da yadda nake zato, ashe ba banza ba duk shekara sai na sake fistin da ringi ina zagin 'yan Chana hhh. Amma ni dai har gobe mai marar kauri bai kwanta min ba, in na zuba sai in ji kamar inji na kuka.

Bamakke_Misfala:

Salam. Usta ya gama magana, ni abu biyu zan ƙara daga abinda ya same ni.

Na farko kar ka ƙirga juye da wata, ka ƙirga da kilomita. Kace wata guda rabonka da juye, to mai kai talab a wata guda zai iya cin tafiyar da wani baya yi a wata 4. Katalog zai ce maka 3,000 ko 4,000, amma wanda ya rubuta ba a cunkoson Makka yake zaune ba. Injin nan babu ruwa babu fanka, iskar gudu ce kawai ke sanyaya shi sai man da ke cikinsa, to ka tsaya a ishara, wato danja, ana zafi digiri 45 kwalta na tururi ga motoci sun kewaye ka kowacce na huro maka zafin AC ɗinta, wace iska zai samu? Mu nan ga hawa kuma, daga Misfala ka nufi unguwannin kan dutse a giya ɗaya da biyu kake tafiya da kaya a baya. Ni a bazara bana wuce 1,500 zuwa 2,000, kuma da azumi da lokacin Hajji da aiki ke yawa duk kwana 2 nake zaro geji, don inji in ya sha zafi yana ɗan cin mai ko da lafiyarsa ƙalau, ba ɗiga ba hayaƙi amma kaga ya sauka. Abinda ya rage a robar bayan juye ina ajiye shi a ƙasan akwati a leda, in ya sauka in ɗan ƙara da irinsa, kaɗan-kaɗan, ba irin ɗurin ɗan Kurna ba. Lambar kilomitar juye kuma da alƙalamin maka nake rubutawa a cikin murfin akwatin, waccan 'yar takardar da suke rataya maka a hannu kwana 3 rana ta cinye rubutun.

Na biyu in ana maka juye ka tsaya a kai, kar ka tafi shan shayi. Ka tabbata a gabanka aka fasa murfin robar. Ni wani yaro ya taɓa ɗaure min notin ƙasa da dogon sifana har da sa ƙafa, jikin injin kuwa alminiyom ne baya son ƙarfi, zaren ya cinye ban sani ba. Washegari na fito naga tabo a ƙasa kamar faɗin tafin hannu, nace ko na motar maƙwabci ne, na hau na tafi. Ina cikin nafaƙ, wato hanyar da ta ratsa ta ƙarƙashin dutse, naji ƙarar inji ta canza ta koma ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana buga cokali a kwano, Allah ya taimake ni na kashe nan take na tura shi har waje, ga hayaƙin motoci ga zufa. Da na zaro geji ko ɗigo babu, wannan karon da gaske. Sai da aka sake yanka zare aka sa noti mai girma, kuɗin ya ci min aikin sati. Tun ranar duk safiya kafin in hau sai na duƙa na kalli ƙasan inda ya kwana. Kuma 'yar washar da ke jikin notin nan in ta baje a sake ta, ba tsada gare ta ba.

Maman_Amira:

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo zancen maza. Malam Usta dan Allah nima ina da tambaya. Ina sana'ar masa da tuwo a gida, yarona ne ke kai wa mutane a dabbab. Shi nashi ba raguwa yake ba, ƙaruwa yake, yace min ranar juye a layi yake amma bayan sati biyu sai ya ganshi ya haura kuma ba wanda ya ƙara. Ni har nace masa ko albarka ce hhh. Jiya ya kawo min gejin na sansana naji warin fetur sosai. Akwai matsala ne ko haka suke yi?

Usta_MaiWurno:

Wa alaikumussalam Hajiya, ai ba zancen maza ba ne tunda da kuɗin masarki ake gyaran. Wannan ba albarka ba ce, fetur ne ke sauka cikin man. A cikin kafireta akwai wata 'yar allura da ke toshe fetur in kofin ya cika, in ta gaji ko datti ya maƙale mata sai fetur ya ci gaba da tsiyaya mashin na ajiye, ya bi ya shiga silinda ya zurara ta gefen fistin ya haɗu da baƙin mai. Yana tsinka shi ya koma kamar ruwa, geji na nuna a cike amma ba mai ba ne. Ya kai a gyara allurar a juye man a rana ɗaya, in aka juye ba'a gyara ba asarar mai kawai aka yi. Kuma ki ce masa duk dare ya rufe makunnin fetur da ke ƙarƙashin tanki, yaran yanzu sam basa taɓa shi.

Tunda an zo nan bari in faɗi ɗayan abin da ke ƙara mai, wato ruwa. Waɗanda ke Jidda sun tuna ruwan 24 ga Nuwamba 2022, wanda aka auna milimita 179 cikin awanni kaɗan. Satin nan dabbab ɗin da aka turo mana warsha ba su ƙirguwa, ka kwance noti mai ya fito fari-fari kamar shayi da madara. Duk wanda ya ratsa ruwa mai zurfi ya zaro geji kafin ya sake tada inji, in yaga wannan kalar kar ya tada, a juye, ya ɗan yi tafiya kaɗan da sabon a sake juyewa har sai ya fito da kalarsa. Waɗanda suka ce bari in ƙarasa talab ɗin hannuna tukun su ne muka sauke wa inji.

Ɗan Kurna na manta ban faɗa maka ba, a injin CG babu filtar mai ta takarda irin ta mota. 'Yar raga ce kamar rariyar shayi, tana bayan wani babban murfi a ƙasan inji ta hagu tare da sifirin, ka ce a ciro ta a wanke, yawancin masu banshar ba sa kula ta in baka yi magana ba. A lura da robar murfin kar ta tsinke. Akwai kuma wata matatar a ciki bayan murfin kulochi mai juyawa tana tara dauɗa, ita sai an buɗe, Honda sun ce duk kilomita 12,000, in har aka zo canza maka faranti ka ce a haɗa da ita. Kuma a juye da ɗumin inji, ya fi fita da dattinsa.

Dan_Kurna_Jidda:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Usta Allah ya ƙara girma ya raya zuri'a.

Ranar da na karanta ban fita da shi ba, nace wa mai gida taya ce ta yi faci. Na tura shi wani banshar daban kusa da mu na tsaya a kai kamar yadda Bamakke yace. Don in gani da idona na sa aka juye man a roba sannan na ɗura shi a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, wlh saura kaɗan ta cika, kunga ashe tun farko man ko ɗigo bai ragu ba, ni ne garin gyaran gira na kusa tsone ido. Ragar da Baba Usta ya faɗa da ƙyar mutumin ya yarda ya kwance wai babu komai a wurin, da ta fito kuwa rabinta a toshe da wani baƙin abu kamar tukar shayi da guntun roba ja-ja irin gam ɗin da ake shafa wa gasket. Filtar iska ta soso ce, na matse ta mai na zuba kamar an tsamo ƙosai. Na sayi 20W-50 na juya baya naga MA2 da idona kafin in biya.

Hannun kulochi kuma babu wasa ko kaɗan, a ɗaure yake tamau, inaga wanda ya riƙe mashin ɗin kafin ni haka yake so. An sassauta. Hayaƙi ranar farko ya ɗan yi da safe, rana ta biyu ya ɗauke gaba ɗaya, ringi dai na nan lafiya. Zamewar ta ragu sosai amma ban ce ta tafi duka ba, jiya a kan kubrin nan dai a giyar ƙarshe da na murɗa da ƙarfi naji ya ɗan yi, ba kamar da ba. Zan ƙara 'yan kwanaki in sake juyewa in gani, in bai daina ba Baba Usta zan neme ka ta inbox ka kwatanta min warshar a sa faranti.

Na samu wuri shimfiɗaɗɗe a gefen masallacinmu inda aka yi daɓen siminti, nan nake kafa shi yanzu bayan asuba, ladan har ya fara tambayata wai kullum me nake nema a cikin injin nan.

Saura matsala ɗaya. Ɗazu mai gida ya shiga ɗakin ajiya zai ƙara wa motarsa zet, ya ɗaga jarkar ya girgiza ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ni da mai wanke-wanke da kuku. Har yanzu dai ba wanda yace komai.